Sakin Ranar Juma'a

In ana maganar cika-baki a cikin masu rubuta manhajar kwamfuta na garin nan, to a ajiye wa Tasi'u kujerar gaba. Ba wai bai iya aikin ba ne. Ya iya daidai gwargwado, irin iyawar da in mutum ya kama bakinsa za a ce madalla. Matsalarsa ɗaya ce, bakin ya fi hannun gudu.

Sau-Ɗaya ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa. Wai shi sau ɗaya yake rubuta abu ya zauna daram. Ba gogewa, ba gyara, ba waiwaye. In ka ce masa, "Tasi'u, ka gwada kuwa?" sai ya dube ka sama da ƙasa, kamar ka tambayi liman ko yana da alwala.

"Gwaji na mai shakka ne," in ji shi. "Ni yatsun nan nawa ba su taɓa rubuta abin da ban yi niyya ba."

Ku riƙe maganar nan da kyau, don da ita ya yi aure. Ranar da ya je gaishe da Malam Ashiru, mahaifin Wasila, wanda shi ne na'ibin limamin unguwarsu, tsohon ya tambaye shi sana'arsa. Wani da sai ya ce, "Aikin kwamfuta nake yi, Baba," ya sunkuyar da kai. Ban da Tasi'u. Gogan naku ya gyara zama a kan tabarma ya shiga zuba. Ya ce aikinsu in harafi ɗaya ya kauce komai ya rushe, shi kuwa tunda yake harafi bai taɓa kauce masa ba. Abin da ya rubuta shi ya nufa, abin da ya nufa shi ya rubuta. Malam Ashiru mutum ne mai son magana ɗaya. Ya gyaɗa kai ya ce irin wannan ake nema, aka ba shi Wasila.

Lokacin da abin nan ya faru ko lallen ƙafarta bai gama fita ba. Kowa Amarya yake ce mata, har shi kansa. Kuma fa yana son ta, wannan kam ba cika-baki a ciki. Duk duniya lambar wayarta ce kaɗai ya haddace, ko tasa sai ya duba.

Ofishinsu a saman bene yake, a kan wani layin shaguna. Ɗan ƙaramin kamfani ne, mai shi ana ce masa Oga Sagir. Mutumin kirki ne, sai dai maganar ƙarshe da ta shiga kunnensa ita ce ra'ayinsa. Aikin da ke gabansu a lokacin manhaja ce ta wata ƙungiyar teloli. Tela zai shigar da awon mutum da ranar alkawari, in ɗinki ya kammala ya danna, saƙo ya tafi wayar mai kaya cewa ya zo ya karɓa. Saboda yadda kowa ke rawar ƙafa a kanta, wannan ya gyara mata nan, wancan ya ƙara mata ado can, sai 'yan ofis suka sa mata suna Amarya ita ma. Daga nan wasan ya miƙe. In an tura ta ga jama'a, sai a ce an sake ta. In an ga matsala an dawo da tsohuwar da ke aiki, sai a ce an yi kome. Tun ana dariya har ya zama yaren ofis, ba mai jin komai in an faɗa.

Akwai kuma Hindatu. Ita ke duba aikin kowa kafin ya fita. Ta riga Tasi'u shiga sana'ar, ta ga jiya ta ga yau, kuma ba ta ɗaga murya, don ba ta bukata. Ita da Tasi'u kullum a kan abu ɗaya suke kwana, a kai suke tashi. Shi ya ce a yi sauri, ita ta ce a yi daidai.

Ranar wata Alhamis, Sallah saura mako guda, aka zauna taro.

"Gobe mu sake ta," in ji Tasi'u, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Hindatu ta ce, "Gobe Juma'a."

"To? Juma'a ba ranar albarka ba ce?"

"Ranar albarka ce, shi ya sa nake so in ƙarasa ta a gidana. Ka saki da safe, kowa ya watse masallaci, a shiga hutun Asabar da Lahadi. In ta ɓalle wa zai kamo ta?"

"Wa ya ce za ta ɓalle?"

"Wa ya ce ba za ta ɓalle ba? An gwada ta?"

Tasi'u ya yi dariya, ya juya wajen Oga Sagir. "Oga, ka ji fa. Manhajar da ke kwance a kwamfutarmu, ko ta fi kowace kyau, ba ta amfani kowa ba. Yanzu teloli ke bukatarta. Bayan Sallah wa zai neme mu? A fitar da ita, in an ga kuskure a gyara a kan hanya. Haka manya suke yi."

Oga Sagir ya ce, "Wallahi gaskiya ne."

"Manyan da kake faɗa," in ji Hindatu, "ba sa fitar da komai sai ido na biyu ya gani. Suna gwadawa a gefe, inda in ta fashe ba wanda zai ji ciwo. Kai kuma so kake ka gwada a kan mutane. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Oga Sagir ya ce, "Wallahi wannan ma gaskiya ce."

"Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe," in ji Tasi'u.

"Sauri ya haifi nawa."

"Ni dai na ga karin magana ake ta saki a ofishin nan, ba manhaja ba," in ji Oga Sagir, yana share goshi.

Hindatu ta jawo kwamfutarta ta juya musu fuskar. "Bari ma in tambaye ka. Jiya na leƙa aikinka. Na ga wani wuri ka sa masa suna 'abin nan'. Na gangara ƙasa na ga wani 'ɗaya abin'. Can kuma 'ɗaya abin na gaske'. Wane ne wane?"

"Ni na san su."

"In ka yi tafiya fa?"

"A kira ni."

"In ka mutu fa?"

"Sai ku san kun yi rashi."

Aka kwashe da dariya, ban da Hindatu. Ta ce suna ba ado ba ne, don wanda zai zo bayanka ake sa shi, kuma sau da yawa wanda zai zo bayan naka kai ne da kanka, bayan ka manta. Tasi'u ya ce shi ba ya mantuwa. Aka ja, aka ja. Har Oga Sagir ya yanke cewa a bari sai Litinin, Hindatu ta gama dubawa. Bai rufe baki ba wayarsa ta yi ƙara. Ciyaman ɗin teloli ne. Daga inda suke zaune suna jin faɗan mutumin yana fitowa ta wayar. Oga ya yi ta "to, ranka ya daɗe, to," har aka kashe. Ya ajiye wayar ya dubi Tasi'u.

"Ka tabbata ba matsala?"

Tasi'u ya bugi ƙirji. "Oga, in ta yi ko tari, a canja min suna."

Shi ke nan, maganar ƙarshe ta ci. Hindatu ta rufe kwamfutarta a hankali ta ce, "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Allah ya kai mu."

Da la'asar sai wata dabara ta faɗo wa Tasi'u. Ya ce ai bai kamata ya yi irin wannan bajinta a ɓoye ba. Ya zauna ya ƙara wani ɗan abu a jikin maɓallin saki. Duk lokacin da ya danna, saƙo zai fita da lambarsa ya tafi wayar Oga Sagir, yana cewa, "Amarya, na sake ki," sannan ya ƙirga ko saki na nawa ne, da Hausa tsantsa. Abin ya ba shi dariya shi kaɗai. Da ya zo wurin sa lambar Oga, sai ya tuna wayarsa tana can lungu tana caji, ƙyuya kuma ta hana shi tashi. Sai ya zuba lambar da ke kansa, ta Wasila, don kawai gurbin kada ya zauna fanko. Ya ce zai canja daga baya. Wannan "daga baya" kuwa wani gari ne da masu sana'ar nan ke ta aika kaya, har yau ba wanda ya je ya dawo da labari.

Hindatu ta zo wucewa ta hango. "Mene ne kuma wannan ka ƙara?"

"Kwalliya ce kawai. 'Yan layuka ne, ba sai kin duba ba."

"Ɗan hakin da ka raina…"

"Anti Hindatu, don Allah a bar ni haka da karin magana."

Ta bar shi.

Gari ya waye Juma'a. Tasi'u ya tashi jikinsa har rawa yake. Wasila ta kawo koko da ƙosai, ko kallonsu bai yi ba. Ta ce, "Lafiya? Ko na yi wani laifi ne?" Ya ce, yana zura takalmi, "Yau zan yi abin da na daɗe ina son yi, ana hana ni. Za ki ji labari." Ya fice ya bar ta riƙe da kofi.

A ofis ya tara kowa a bayansa. Ya murza yatsu suka yi ƙas-ƙas. Ya ɗaga ɗan ali sama, ya sauke a kan maɓalli, ƙwas.

"An wuce wurin," in ji shi. Ya kishingiɗa a kujera.

Ko numfashi bai gama saukewa ba wayar Oga Sagir ta ɗauki ruri. Ciyaman ne. Ashe manhajar ba ta jira wani tela ya danna komai ba. Duk wanda sunansa ke ciki ta aika masa cewa ɗinkinsa ya kammala, ya zo ya karɓa. Ku duba fa, Sallah saura mako, yadin mutane yana nan jibge a leda ko almakashi bai gani ba. Mutane suka yi ta tururuwa zuwa shaguna suna murna. An ce wani tela da ya hango taron, ta ƙofar baya ya fice da tef ɗin awo a wuya.

A daidai lokacin, can gida, wayar Wasila ta yi ƙil. Ta duba ta ga daga mijinta ne. "Amarya, na sake ki, saki ɗaya." Ta karanta, ta sake karantawa. Ta kira shi. Shi kuwa yana ganin sunanta ya katse, yana cewa ba yanzu ba, Amarya, ana aikin maza.

Hindatu ta matso kusa da shi. "Yi kome. Dawo da tsohuwar, mu zauna mu duba a tsanake."

"Ni ba na kome. Gaba ake ci. Ɗan ƙaramin abu ne, na ma gan shi."

Yatsu suka hau rawa, ƙwas-ƙwas-ƙwas. Ya juya wani abu da ke fuskantar gabas ya koma yamma. Bai gwada ba, ina shi ina gwaji. Ya sake dannawa.

Wannan karon manhajar ta bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya ta gaya musu cewa kayansu ko yankawa ba a yi ba. Wannan ce gaskiya ta farko da ta faɗa tunda aka ƙirƙire ta, kuma ita ta fi ta da hankali. Waɗanda suka zo da murna suka tsaya da faɗa. Wayar Oga, wayar ofis, wayar Tasi'u, duk suka kaure da kuka lokaci guda. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Wasila kuwa tana ganin "saki biyu" ba ta tsaya jiran komai ba. Ta zari hijabi, ta tari adaidaita, sai gidansu. Ta miƙa wa mahaifinta wayar tana kuka. Malam Ashiru ya sa tabarau ya karanta. Ya ce a'a, a bi a hankali, bari ya ji daga bakin yaron. Ya kira.

Tasi'u a lokacin gumi ya jiƙa shi sharkaf. Teloli sun kira shi har ya daina duba suna. Ya fizgi wayar ya maƙale ta a kafaɗa, ko sallamar bai bari an gama ba.

"Na sani, na sani, ba sai an gaya min ba. Ni na sake ta da hannuna, har sau biyu. Ana ta ce min in yi kome, ba zan yi ba. Yanzun nan zan ƙara na uku kowa ya huta."

Ƙit, ya kashe. Ya danna na uku.

Manhajar ta yi ɗif. Fuskarta ta koma fari fat, ba rubutu, ba hoto, ba saƙo ga kowane mai ɗinki. Abu ɗaya ne kawai a cikinta bai mutu ba, ɗan kwalliyar nan ta Tasi'u. Ita kam ta yi aikinta tsaf, ta isar da na uku.

Hindatu ta matso. Ta ja kujerarta ta dawo da tsohuwar manhajar, ƙurar ta ɗan lafa. Aka kira salla, maza suka tafi masallaci. Tasi'u ko huɗubar bai ji ba, yana can yana ɗinka uzuri. Kafin a sallame ya gama shirya cewa laifin sabis ne, da kuma teloli da ba su waye ba.

Sun dawo ke nan yana tsaka da yi wa Oga wannan bayani, sai aka yi sallama a bakin ƙofa. Malam Ashiru ne, da babbar rigarsa ta Juma'a da carbi a hannu. Wasila na bayansa, idanu sun kumbura sun yi ja. Tasi'u ya miƙe zumbur, ya zube ƙasa yana gaisuwa.

"Baba, da kanka? Ai da aikowa ka yi."

Tsohon ya shigo ciki. Ya zauna a kujerar da Oga ya jawo masa, ya miƙa wa Tasi'u wayar Wasila. Tasi'u ya karanta na farko. Ya karanta na biyu. Yana kaiwa na uku ya tsaya cak. A nan ya tuna da lambar da ya ce zai canja daga baya. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, don ya ga Wasila tana shirin fita daga hannunsa.

"Baba, wallahi ba da ita nake ba. Wata Amaryar ce."

Wasila ta ɗago kai. Malam Ashiru ya ce, "Wata Amaryar? Tun yanzu? Tana ina?"

"Tana cikin kwamfuta, Baba."

"To. Lambar wa ta aiko da saƙon nan?"

"Tawa ce."

"Wa ya rubuta?"

"Ni ne, amma…"

"Muryar wa na ji ɗazu a waya ana cewa ba za a yi kome ba, za a ƙara na uku kowa ya huta?"

Tasi'u ya sunkuyar da kai.

Malam Ashiru ya ja carbinsa ya ce, "Ni ban san kwamfuta ba. Amma na san abin da ka gaya min a zaurena. Ka ce yatsunka ba su taɓa rubuta abin da ba ka yi niyya ba. Abin da ka rubuta shi ka nufa. A kan wannan na ba ka 'yata. To yau abu biyu ne. In maganarka tana nan, ka nufa ke nan, magana kuwa zarar bunu ce, sai in wuce da 'yata. In kuma kai mutum ne mai kuskure, wanda hannunsa ke rubuta wani abu zuciyarsa tana wani wuri, to kawo shaida in ji."

Tasi'u ya waiga ya dubi Oga Sagir da idon neman taimako. Oga ya ga ma'aikacinsa cikin matsala a gaban suruki, ya ce bari ya wanke shi. Ya gyara murya.

"Malam, ni shaida ne. Yaron nan ba ya kuskure. Shi ya sa ma ake ce masa Sau-Ɗaya. Duk abin da ka ga ya rubuta, to da gangan…"

"Oga," in ji Tasi'u, "don girman Allah ka daina yabona."

Ya ja gwiwa ya juya wajen Hindatu. "Anti Hindatu, ke kin sani. Gaya musu."

Hindatu ta ce, "In gaya musu me? Ni ban duba aikin ba. An ce min kwalliya ce, ba sai na duba ba. Ta ina zan san abin da mutum ya nufa?"

"Gaya musu ina kuskure."

"Kai? Yaushe?"

"Anti, aurena ne fa."

Ta dube shi, ta dubi Wasila da ke share hawaye, sai tausayin yarinyar ya kama ta. Ta gyara zama ta fara. Ta ba da labarin ranar da ya mayar da awon wuyan mutane ya koma na ƙugu. Tasi'u ya ce, "Ƙwarai, ni ne." Ta ba da na lokacin da ya kulle kowa a waje, har shi kansa, ya ce laifin sabis ne. Ya ce, "Ba sabis ba ne, Baba, ni ne." Ta ɗan tsaya tana tunani, sai ga shi yana tuna mata.

"Kin manta na watan jiya, da na goge sunayen teloli gaba ɗaya na ce ɓeraye sun ci waya. Faɗi wannan ma."

Oga Sagir ya zaro ido. "Au, dama kai ne?"

"Ni ne, Oga. Duk ni ne."

Haka ya durƙusa yana kwance wa kansa zane a kasuwa, yana roƙon a ƙara. Mutumin da jiya-jiyan nan in ka ce ya yi kuskure sai an raba ku.

Malam Ashiru ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai. "Na ji. Amma ku abokan aikinsa ne, dole ku rufa masa asiri. Ni na ga rubutu da idona, na ji murya da kunnena. Kuskuren ne ban gani ba."

To ai hali zanen dutse ne. Tasi'u yana jin haka sai tsohon ciwon ya motsa. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Baba, bari in nuna maka ƙiri-ƙiri. Saƙon nan wayar Oga aka yi don ya je. Yanzu zan cire lambar Amarya in sa tasa, in danna a gabanka, ka ga inda zai sauka. Ka ga sai a san na'ura ce ke aikawa."

Hindatu ta ce, "Kawo in duba kafin ka danna."

"Layi ɗaya ne fa, Anti. Wannan ko ido rufe."

Ya zauna. Ya nemi wurin lambar. Ga "abin nan", ga "ɗaya abin", ga "ɗaya abin na gaske", sun jeru suna kallonsa. Mutumin da ba ya mantuwa ya ɗan yi jim. Ya zaɓi wanda ya fi yi masa kama da gaskiya, ya zuba lambar Oga. Ya ɗauki wayar Oga ya ajiye ta a tsakiyar tebur.

"Kowa ya zuba ido a nan," in ji shi. Ƙwas.

Aka zuba ido. Wayar Oga ta yi shiru. Aka ƙara zuba ido. Ko motsi.

Sai ƙil, daga hannun Malam Ashiru.

Tsohon ya ɗaga wayar Wasila a hankali. Ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya ɗora a hanci. Ya karanta a fili, kalma bayan kalma.

"Amarya, na sake ki, saki huɗu."

Tasi'u ya daskare a kujera, ɗan alinsa yana nan a kan maɓalli. Malam Ashiru ya sake karantawa a zuci, ya cire tabarau, ya daɗe yana kallon surukin nasa.

"Tun gemuna yana baƙi nake zaman sulhun aure," in ji shi. "Na ga mai saki cikin fushi, na ga mai saki cikin wauta. Amma ko wanda bai taɓa zama gaban malami ba ya san a uku ake tsayawa. Huɗu kam yau na fara gani. Yanzu na gamsu. Wannan ba niyya ba ce, ba kuma da 'yata ake ba. Rashin iya aiki ne tsagwaronsa."

Tasi'u ya sulale daga kujera ya zube. "Alhamdu lillahi. Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma." Har da ƙwalla. Tunda ake a ofishin nan ba a taɓa ganin wanda aka ce bai iya aiki ba ya yi godiya irin wannan ba.

Wasila ta rufe baki da hijabi, kafaɗunta na girgiza, wannan karon ba kuka ba ne. Hindatu ta jawo kwamfutar daga gabansa don ta sake yin kome, tunda dannawar nan ta ƙara sakar wa teloli matacciyar manhajar. Tana aiki ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Oga, jiya wani ya ce in ta yi tari a canja masa suna."

Oga Sagir ya ce, "Wallahi gaskiya ne. To wane za a sa?"

"Ai ya raɗa da kansa, kamar na farkon. Saki-Huɗu."

Sunan ya bi shi kuwa, har masu shagunan ƙasa da shi suke kiransa.

Malam Ashiru ya miƙe ya gyara riga, ya ce wa 'yarsa ta zo ya raka ta ɗakinta. Tasi'u ya bi su da sauri zai riƙe masa takalmi. Suna sauka daga bene, duk ofis ana ji, tsohon yana lallashinta.

"Ki kwantar da hankalinki, 'yar nan. Aurenki ba inda za shi. Mijin nan naki ko sakin ma bai iya ba."